Sakatar da Ba Ta Kulle Komai

Ni mutum ne mai dariya. Daga Tiga har Ƙafin Maiyaki an san ni da haka, ko zaman makoki na je sai an zaunar da wani kusa da ni yana taka mini ƙafa. Amma akwai magana ɗaya da in ta faɗo mini a rai, ko tsire nake ci sai in ajiye tsinken. Maganar Baba mai ƙofa ce, da yadda muka taru, ni da wata tsohuwar kwamfuta da wasu masana da ban taɓa ganin fuskarsu ba, muka mai da shi maciyin amana a idon jama'a, yana da furfura har a gira.

Ƙungiyarmu ta manoman rani tana da 'yar magudanar ruwa ta kanta a ƙasan dam, mai babbar ƙofar ƙarfe guda ɗaya da ƙanana da suke karkatar da ruwa zuwa gonaki. Ruwan ba ya isar kowa lokaci guda, saboda haka layi ake bi. Yau da hantsi gonar wane, bayan azahar ta wane. Baba ne mai buɗewa da rufewa, makullan suna rataye a wuyansa da igiyar fata tun ina zuwa firamare. Siriri ne kamar karan dawa, kuma ba ya magana sai ta kama dole. Ina jin duk kalmomin da ya furta a rayuwarsa ba su kai waɗanda nake zubarwa kafin karin kumallo ba. Abu ɗaya aka san shi da shi: ko ɗan cikinsa ne ya zo ba a lokacinsa ba, ba zai ga ɗigon ruwa ba.

Ni kuwa ma'aikacin ofis ne. Ofishin ɗaki ɗaya ne, tebur ɗaya, da kwamfuta ɗaya wadda in ta tashi sai ka rantse injin niƙa aka kunna. Maigidana, wani injiniya da ya yi ritaya daga aikin ruwa, shi ya kawo ta. Ya ɗora mata irin tsarin nan na kyauta da masana daga ƙasashe daban-daban suke taruwa su gina, wanda kowa yake iya buɗe cikinsa ya duba. Shi ya rubuta manhajar rabon ruwa, shi ya koya mini rubutun. Aikinta ba wuya. Manomi ya turo lambar gonarsa ta saƙon waya, manhaja ta duba lokaci na gaba da babu kowa a kai, ta sa gonar a jadawali, ta mayar masa da amsa. Ba mu da firinta, kuma Baba ba ya karatun boko, don haka kullum da safe yakan zo ofis in karanto masa jadawalin ranar daga allon kwamfuta, shi kuma ya rubuta da ajami a ɗan littafinsa. Da rana ta wuce, manhajar takan goge jadawalinta, don cikin kwamfutar bai fi cikin aljihuna girma ba. Abin da yake saura shi ne tarin amsoshin da ta aika. Da wannan ɗan tsari rigimar bakin ƙofa, wadda a da har lauje ake ɗagawa, ta mutu.

To, abin da ka rubuta da hannunka ba shi kwamfuta take ci ba. Akwai wata manhajar da ake kira kwamfaila, ita take juya rubutunka zuwa abin da na'ura take ganewa. Kuma ba komai kake rubutawa da kanka ba. Akwai tarin ayyukan da wasu suka riga suka gama suka ajiye, ana ce musu laburare. In kana son abu sai ka ambaci sunansa kawai, kwamfaila ta je ta nemo shi a laburaren da ka lissafa mata, ta ɗaura a jikin aikinka. Umarnin da ake ba ta layi ɗaya ne, dogo. Maigidana ya rubuta nasa da biro a bayan kwalin sukari, ya manna a bango saman kwamfutar. Da Allah ya yi masa rasuwa, kwalin nan ya zama kamar wasiyya. Matar da take share mana ofis ko tsintsiya ba ta kaiwa wurin. Ni kaina haddace layin na yi, ina buga shi kamar mai karanta abin da bai san fassararsa ba, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Sabis ne ya jawo komai. Masu gonaki ta gefen ƙasa layin waya ɗaya ne yake kama musu, makiyayan da suke noman alkama ta gefen tudu kuma wani layin daban. Modem ɗinmu, 'yar na'urar da take karɓar wa kwamfuta saƙon waya, na layin farko ne. Saƙo in zai tsallako daga wancan layi sai ya yi wuni a hanya, kamar ya tsaya gaisuwar mutuwa a Bebeji. Kafin na mutanen tudu ya iso, an kwashe lokuta masu kyau. Suka yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya, kwamiti ya sayo modem na biyu ya ce in haɗa.

Modem biyu, dole manhaja ta saurari biyun lokaci guda. Hanyar yin haka ita ce a raba aikin gida biyu a cikin manhaja ɗaya, kowane yana tafiyarsa. Masu sana'ar suna ce wa kowane ɗaya zare. Zare biyu, jadawali ɗaya, ko wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba ya san za a yi karo. Shi ya sa aka yi sakata. Zaren da zai taɓa jadawali sai ya saka sakata, ya duba, ya rubuta, ya cire, sannan ɗayan ya shiga. Na yi wannan. Ina so duk mai karatu ya shaida na yi. Na saka sakata a inda ya kamata har da inda bai kamata ba, manhajar ta koma kamar ɗakin ajiyar mai rowa.

Saura umarnin bango. Laburaren zare daban yake, sai an ambace shi. Layin maigidana yana ƙarewa da sunan babban laburare, wanda kowace manhaja take dogara da shi. Na tsaya da biro a hannu. Akwai ɗan fili a tsakiyar layin da zan iya cusa sabon sunan, akwai kuma fili a ƙarshe. Ban yi dogon tunani ba. A ina aka taɓa ganin ɗalibi ya kutsa rubutunsa a tsakiyar na malaminsa, malamin ma da yake kabari? Wanda ya zo daga baya, a baya yake tsayawa. Haka ake yi a sahu, haka ake yi a layin ruwa. Na rubuta nawa a ƙarshe, da ƙananan baƙaƙe, don ladabi.

Kwamfaila ta karɓa. Ko tari ba ta yi ba. Wannan kwamfailar da in ka manta waƙafi ɗaya sai ta zazzage maka faɗa shafi uku, ta tono laifin da kakanka ya yi, ranar nan shiru ta yi kamar baƙuwa a gidan surukai. Na gwada da wayata, na gwada da ta mai shara, komai ya tafi daidai. Na fita na sayi balangu na yi wa kaina walima.

Ranar Asabar da ƙarfe takwas na safe ake buɗe karɓar saƙo, kowa yana riƙe da waya kamar mai jiran a ce a sha ruwa. Makon farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku wani mai albasa, ƙaton mutum mai muryar da ake ji daga Bagauda, ya iso bakin ƙofa ranar Talata da hantsi tare da 'yan ƙwadagonsa, ya tarar ruwa yana tafiya gonar alkamar wani bafillace. Ina wurin, na kai wa Baba biron da ya manta.

"Baba, ga shi a waya. Talata, hantsi."

"Ga shi a littafi," in ji Baba.

"Wayar ce take ƙarya?"

"Ban sani ba. Abin da aka karanta mini na rubuta."

"To wa ya iya karanta wannan ƙugiya-ƙugiyar taka ban da kai?"

Baba bai juya ruwan ba. Albasar mutumin nan tana daf da ƙulla kai, ta sha rana kwana uku kafin a sama masa wani lokaci.

Daga nan abin ya riƙa faruwa, sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya samu ruwa ba ya zuwa ƙara, wanda ya rasa shi kaɗai ake ji. Magana ta fara yawo a wurin mai shayi, wai ana kai wa Baba ƙwaryar kindirmo daga ruga, shi ya sa hannunsa yake karkacewa in yana rubutu. Kafin wata ya ƙare, ƙwaryar ta zama tulu, tulun ya zama karsana.

Aka kira zaman kwamiti a gindin maina, jama'a ta cika. Shugabanmu, wani Alhaji mai son a gama magana kafin ta kai kunnen mai gari, ya ce in duba. Na shiga ofis na buga lambar gonar mai albasa a cikin amsoshin da aka aika, ga shi nan ɓaro-ɓaro, Talata, hantsi. Bafillacen bai zo ba, wayar tasu ɗaya ce kuma ta bi shanu can wajen Doguwa. Lambarsa tana littafin rajista a gabana. Ban buga ta ba. Ban ga dalili ba.

Na fito, Alhaji ya ce, "Injiniya, kwamfutar nan tana kuskure?"

Ba injiniya ba ne ni, amma in an kira ni da shi a gaban jama'a kaina yakan ƙara girma har hula ta matse ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, in kwamfutar nan ta yi ƙarya, ku cika mini aljihu da duwatsu ku jefa ni a dam. Ba ta shan kindirmo, ba ta da suruki a ruga."

Aka yi dariya. Har yau ina jin dariyar, kuma ni na jawo ta. Baba ya dube ni, ba da fushi ba, irin duban da ake yi wa katangar da aka daɗe ana jingina da ita. Ya cire igiyar daga wuyansa ya ajiye a kan tabarma. Aka yanke cewa an dakatar da shi har babban taron ƙarshen wata, inda za a sallame shi a kuma kai maganar gaban mai gari. Ƙanin matar Alhaji ya karɓi makullai, mai rubutun boko, wanda kowa zai iya karantawa.

Kwana goma bayan haka, abin ya sake faruwa.

Wannan karon ni na karanta, na ga an rubuta, boko ne tsagwaronsa. Na shiga ofis na buga lambobin mutanen biyu. Lokaci ɗaya aka ba su, a minti ɗaya, ɗaya ta wannan modem, ɗaya ta wancan. Na koma baya na buga lambar bafillacen nan. Talata, hantsi. Zaren biyu suna shiga tare, su ga fili ɗaya, kowa ya ba nasa, wanda ya rubuta a ƙarshe ya danne na farko. Ke nan sakatata ba ta aiki.

Kwana uku ina bin rubutuna layi-layi. Na karanta shi daga sama, na karanta daga ƙasa, saura kaɗan in wanke shi in sha. Babu kuskure. A rana ta huɗu na haɗiye girman kai na hau kan tudun dam inda sabis yake da ƙarfi, na kira wata Malama da muka yi aji ɗaya a Kano, wadda yanzu take koyar da wannan aikin. Tun muna makaranta take kayar da ni a jarrabawa, ban taɓa yafe mata ba.

"Sarkin surutu, wa ya mutu?" in ji ta.

"Ni ne, gobe jana'iza. Malama, sakata ta ƙi kullewa."

Na zayyana mata komai. Ta ce in bar rubutun, in karanto mata umarnin da nake ba kwamfaila. Na karanto da ka. Sai na ji tana ƙoƙarin danne dariya.

"Wa ya ce ka sa laburaren zare a bayan babban laburare?"

"Ladabi."

"Me?"

"Layin na marigayi ne. Ba zan shiga gabansa ba."

"Allah ya jiƙansa, amma kwamfaila ba ta je ta'aziyya ba. Ita daga hagu take farawa. Duk laburaren da ta fara samun sunan a cikinsa, shi ke nan, ta ɗauka ta wuce."

"To ai babban laburare ba shi da sakata."

"Yana da ita. Suna ɗaya, kama ɗaya, cikinta fanko. An ajiye ta ne don manhajar da ba ta da zare, in ta nemi sakata kada ta faɗi, kuma kada a ɓata lokacin kullewa tunda ba mai shigowa. Ka ce mata kulle, ta ce na kulle, ba ta taɓa komai ba. Zaren kansa babu shi a babban laburare, sai kwamfaila ta wuce ta samo maka na gaske a baya. Ka samu zaren gaske da sakatar ƙarya."

"Me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

"Ka ce sakata, ta ba ka sakata."

"Malama, an kori dattijo a kan wannan."

Dariyar ta tsaya. Ta ce kada in sake ambatar laburaren nan biyu da hannuna. Akwai kalma ɗaya, -pthread, in ba kwamfaila ita kawai, ita za ta zaɓi laburaren zaren da ya dace da tsarina, ta jera su yadda ya kamata. Ta ce an rubuta haka a littafin bayani. Na tambaye ta a ina. Ta ce can ciki.

Can ciki. Washegari na hau acaba zuwa Ƙafin Maiyaki, na zauna a shagon intanet na nemo littafin bayanin. Wallahi in aka buga shi a takarda jaki biyu ba za su ɗauka ba. Maganar tana nan kuwa, jimla ɗaya da rabi, a wurin da ko ɓera ba zai je neman abinci ba. Daga nan na faɗa cikin wasiƙun da masu gina tsarin suke yi wa juna, don duk a buɗe suke. Ashe sun sani. Sun daɗe da sani. Shekara da shekaru suna jayayya a kai. Wannan ya ce kwamfaila ta riƙa zaɓa da kanta. Wancan ya ce a'a, mai rubutu ya faɗa da bakinsa, ai ba jariri ba ne. Wani ya ce a haɗe laburaren biyu a huta, wani ya ce in an haɗe za a ƙara wa manhajarsa nauyi da abin da bai kai ƙiftawar ido ba. A wani tsarin ma laburaren zare har uku ne, kowane da magoya bayansa kamar jam'iyya. Kowa da hujja, kowa da ladabi, kowa yana rufe wasiƙarsa da godiya.

Ni ban ce mugaye ba ne. Kyauta suke yi, kuma da abinsu muka kashe rigimar lauje. Amma wane irin mai hankali ne zai ƙera sakata, ya huda ta ta zama fanko, ya ba ta sunan ta gaske, ya ajiye ta a shagon farko, sannan ya koya wa ɗan aike ya ɗauki duk abin da ya fara gani? A kasuwar Tudun Wada in maƙeri ya yi haka, kafin la'asar an raka shi tasha. In ma dole a ajiye ta, me zai hana ta buɗe baki? Ta ga zare biyu suna shige da fice a gabanta, ta ce, malam, ni fa ta ado ce. Kalma shida. An koya wa kwamfaila ta yi kuka a kan waƙafi, ba a koya mata ta yi tari a kan wannan ba. Suna auna asara da ƙiftawar ido, ni kuwa tawa asarar tana zaune a zaure ta daina zuwa masallacin Juma'a don kada a nuna ta da baki. Na ji an ce a wasu sababbin tsare-tsaren sun haɗe laburaren wuri ɗaya. Madalla. Sai su aiko wa Baba da wasiƙa.

Na yi ta zaginsu a zuci tun daga shagon har kan acaba, har direban ya tambaye ni ko da shi nake. Amma wajen rabin hanya zagin ya ƙare, ya bar ni da abin da ba laburaren da zan ɗora wa. Su ba su ce in rantse da duwatsu ba. Lambar bafillacen tana gabana ranar nan, bugu shida ne a kan madannai.

Gyaran bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Na ajiye tsohuwar manhajar a gefe, na je na sami Alhaji a gida na faɗa masa komai.

"Ka gyara?"

"Na gyara."

"To alhamdu lillahi. Ka bar shi a nan."

"Baba fa?"

"Injiniya, Baba ya tsufa dama. Za mu sallame shi cikin mutunci, ba za a kai wa mai gari ba. In ka ce kwamfuta ta yi ƙarya, wa zai ƙara yarda da ita? Lauje kake so ya dawo?"

"Ranka ya daɗe, mutuncin da aka riga aka zubar a gindin maina, da wanne za a sallame shi?"

"Kai ka zubar ai."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara hasala. Na yi sallama kamar mutumin kirki.

Ranar babban taro na ɗora kwamfutar a baro, da modem biyu da ƙaramin janareto, na tura har gindin maina. Alhaji ya gan ni ya kau da kai. Baba bai zo ba. Kafin a buɗe da addu'a ma na roƙi a ba ni dama, na kunna tsohuwar manhajar, na ce kowa ya fito da wayarsa, in na sauke hannu a tura lambar gona kamar ranar Asabar, sannan kowa ya karanta amsarsa da ƙarfi. Aka yi. Kowa da lokacinsa daban. Aka sake. Haka.

"Injiniya, duwatsun muke tarawa ko mu jira?" in ji mai albasa.

"Wannan karon so yake ta yi ƙarya ta ƙi," in ji wani daga baya.

Gumi ya jiƙa mini riga har wando. Abin da ya hana ni barci kwana da kwanaki, yau ina roƙonsa ya fito ya ƙi. A karo na biyar mai albasa ya karanta nasa, Laraba bayan azahar. Can gefe wani dattijon bafillace da jikarsa take karanta masa ya ɗaga sanda.

"Mu ma Laraba bayan azahar."

Aka haɗa wayoyin biyu aka zagaya da su. Sannan na buɗe amsoshin Talatar nan na farko, na nuna lambobin biyu. Na yi bayanin sakata iya yadda zan iya, na kunna sabuwar, aka yi ta turawa har kuɗin wayar mutane ya fara ƙarewa, ba a samu karo ba.

Alhaji ya gyara murya ya ce to kowa ya gani, kuskuren na'ura ne, ƙaddara ce, a yafe wa juna. Na ce a'a. Na ce na'ura abin da na ba ta ta yi, kuma ba ita ta tashi a nan ta ba mutane dariya da dattijo ba. Na ce in za a kai wani gaban mai gari ni ne. Ba a kai ni ba. Mutane sun fi son su ga an mayar da makullai su tafi gona. Aka miƙo mini su, tunda ni na jawo, ni zan kai.

Na sami Baba a zaurensa yana tufka igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa duk gaisuwar har ƙarshe, bai rage ko ɗaya ba. Na fara bayani, zare, laburare, hagu da dama. Ya bar ni na yi ta yi. Da na gaji ya ce, "Ranar da ka rantse, lambar mutum nawa ka duba?"

"Ɗaya, Baba."

"Su biyu ne suka tsaya a gabana."

Na ajiye makullan a gabansa. Ya daɗe bai taɓa su ba. Sannan ya ce zai karɓa, amma ba zai ƙara rubuta komai da hannunsa ba, ba kuma zai ƙara shiga ofis ba. Ni zan riƙa kwafo jadawalin, in zo bakin ƙofa kullum da safe in karanta da ƙarfi a gaban duk wanda yake wurin. Ya kuma ce maganar karsana ta je ƙauyuka uku, har da wanda 'yarsa take aure a cikinsa, in bi ta in dawo da ita. Na bi. Juma'a uku a jere ina tashi bayan sallah a gaban mutanen da ban sani ba ina cewa ni ne. Wasu sun ji. Wasu har yau in an ambace shi sai su ce, a'a, wancan na kindirmo? Wannan kuwa ba kalmar da za ka ba kwamfaila ta gyara.

Safiyar da ya koma aiki na zo da takardata na tsaya a kan gadar siminti na karanta. Mai albasa ne na farko a layi. Ya cire hula, ya rusuna har gwiwarsa ta taɓa laka, yana ta jero gaisuwa, Baba ina kwana, Baba ya iyali, Baba sai haƙuri da mu. Mutumin nan a gaban Baba aka haife shi, Baba ne ya nuna wa ubansa iyakar gonar. Baba ya amsa masa, ya sa makulli a ƙofa, bai murɗa ba. Ya dube shi ya ce, "Malam, mece ce lambar gonarka?"